Kulocin tsohuwar Fijo: in kuɗinka bai cika ba, ka jira

Makon jiya, bayan sallar isha, ɗan marigayi yayana ya bugo mini waya daga Dapaong. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Baba, motar Alhaji ta fara kuka ba ta tafiya. Ina taka totur, inji na ihu, ita kuwa tana jan ƙafa." Na ce masa, "Kuloci ne, yaro. Ka kai ta gareji?" Ya ce ya kai, an kuma ba shi farashi har kala huɗu, shi ya sa kansa ya ɗaure. Kuɗin da ke hannunsa sefa 50,000 ne, kuma yana so ya shigo da motar Sokode bikin ƙanwarsa nan da wata biyu, don dangi su ga bai bar kayan mahaifinsa sun lalace ba.

Shawarar da na ba shi ba ta yi masa daɗi ba. Na ce ya ajiye motar, ya hau ta haya ya zo biki, ya ci gaba da tara kuɗi. Na san akwai irinsa da yawa a zangunanmu, daga Sinkase har Lome, masu tsohuwar Fijo ko Marsandi 190 ko BMW da suka gada ko suka saya don sha'awa. Shi ya sa na kawo maganar nan, duk wanda ke ganin na yi kuskure ya ji hujjata tukuna.

Motar da ake magana

Motar Peugeot 504 Coupé ce, mai ƙofa biyu. Yayana ya saye ta hannun wani Bafaranshe da zai koma gida, lokacin cinikin shanu na garawa. Matasan yanzu in sun ji 504 sai su tuna taksin daji mai ɗaukar mutum tara da buhunan gawayi. Wannan daban ce. An fito da 504 ta kowa da kowa a 1968, ita kuma mai ƙofa biyun aka nuna ta a Janeba a 1969, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, aka ci gaba da ƙera ta har 1983. A 1978 irinta mai injin V6, a hannun Jean-Pierre Nicolas, ta cinye tseren Safari na Kenya, ta kuma cinye na Bandama a Kodebuwa. Saboda haka in yaron ya ce motar tsere ce ya gada, bai yi ƙarya ba.

Amma tasa mai silinda huɗu ce, lita biyu. Wannan rahama ce a gare shi, don injin dangin na 504 ɗin da muka sani ne, wadda kamfanin PAN ya yi shekara kusan 30 yana haɗawa a Kaduna tun 1975. Kayanta ba su ƙare a duniya ba. Daga Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano zuwa Suame Magazine ta Kumasi da Ladipo ta Ikko, har gobe ana samun abin 504. Matsalar kawai, ana samun mai kyau, ana samun na banza, kuma sau da yawa kwalinsu iri ɗaya ne.

Mene ne kulocin ma?

Makanikanmu a nan sun fi cewa ambireyaj, 'yan'uwanmu na Najeriya da Gana su ce kuloci. Abu uku ne ke aiki tare. Akwai faifai, wato diski, mai fata gaba da baya kamar fatar birki. Akwai kwanon ƙarfe mai sifirin da ke matse faifan, wato filato. Akwai kuma boris ɗin da ke tura sifirin ɗin in ka taka feda, wato bute. Faifan yana zaune ne tsakanin filato da babban ƙarfen nan mai zagaye na bayan inji, bolan. In ka saki feda, filato ya matse faifai jikin bolan, ƙarfin inji ya wuce zuwa giya. In ka taka, matsin ya saki, ka sauya giya.

Abin da ya kamata mai ƙaramin aljihu ya riƙe shi ne wurin da waɗannan abubuwa suke. Suna can ciki, tsakanin inji da giya. Kafin hannu ya kai gare su sai an raba inji da giya, aikin yini guda ko fiye, a tsohuwar mota kuma duk ƙusar da aka taɓa tana iya karyewa. Kuɗin aikin nan ɗaya ne, ko faifan sefa 15,000 aka sa, ko na 85,000. Duk lissafin da zan yi a ƙasa a kan wannan ya tsaya.

Kafin a sayi komai, a tabbatar kulocin ne

Na sha ganin an sauke giya a banza. Kulocin 504 da mai yake aiki, akwai famfo ɗaya wajen feda, ɗaya a jikin giya, man birki ne a cikinsu. In giya na ƙin shiga, ko feda na nutsewa ƙasa ba ta dawowa, yawanci robar famfon ce ta mutu ko iska ta shiga. Wannan gyaran ƙananan kuɗi ne, ba a sauke komai. Motar da ta kwana damina guda a ajiye kuma, faifanta kan manne da bolan saboda tsatsa, mai ita ya ɗauka kuloci ya mutu, alhali sakinsa kawai za a yi.

Gwajin zamewa ba shi da wuya. A fili, inda babu yara a gaba, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka ɗan ba da wuta, ka saki feda a hankali. In inji ya mutu, kulocin na kamawa. In ya ci gaba da kuka ƙafarka na sama, faifai na zamewa. A kan hanya ma, in kana babbar giya ka taka totur, ƙarar inji ta tashi gudu bai ƙaru ba, shi ke nan. Ƙarar da ke zuwa sai ka taka feda, boris ne. Girgiza lokacin tashi kuwa, ko mai ya zuba a kan fata, ko fuskar bolan ta lalace, ko robobin da ke riƙe inji sun saki.

Na sa yaron ya yi gwajin ina kan waya. Inji bai mutu ba. To, kuloci ne, babu tantama.

Farashi huɗu da aka ba shi

Ga abin da ya karanto mini daga takardarsa. Farashin da aka ba shi ne a wannan makon, wani zai iya samun sama ko ƙasa da haka. Faifai kaɗai, sabo, marar sunan kamfanin da aka sani, 15,000. Faifai da filato na gwanjo, waɗanda aka ciro daga motar da aka fasa, 25,000. Cikakken saiti sabo, faifai da filato da boris, na kamfanin da aka sani, 85,000 har da kuɗin kawowa. Sai na huɗu, wanda abokansa na intanet suka zuga shi a kai, wai kulocin tsere, wanda ya haura 200,000. Kuɗin aikin makanike 30,000.

Da 50,000 a hannu, ido zai tafi kan na 15,000. A haɗa da aiki, 45,000, har da canjin shan mai. Ni ma da ina shekarunsa haka zan yi. Hasali ma haka na yi.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Duk wani kayan mota da ke zuwa daga Faransa kuɗinsa ya ninka cikin dare ɗaya. Tun daga lokacin kasuwarmu ta cika da kayan araha da na gwanjo, mu kuma muka saba. Shekarar da ta biyo baya kulocin tawa 504 ɗin, mai dogon baya, ya gaji. Na sayi faifai kaɗai a wani shago, kwalinsa fes, mai shagon ya rantse mini na asali ne. Aka sa shi a kan tsohon filato da tsohon boris. Wata huɗu ya yi. Ranar da ya mutu ina ɗauke da iyalina da surukata, muna hawan Alejo za mu Bafilo, lokacin babu hanyar zagayen nan da manyan motoci ke bi yanzu. Muna bayan wata tirela da ke rarrafe, ina ta wasa da feda, sai wari ya tashi kamar an ƙona gashi. Mota ta tsaya a tsakiyar hawa, ta fara komawa baya. Birkin hannu da duwatsun da yarana suka yi ta cusawa ƙarƙashin taya su suka tsare mu, da ikon Allah. Surukata ba ta sake shiga motata ba har ta bar duniya, Allah ya jiƙanta.

Da aka buɗe, fatar ta ƙone ta farfashe, ƙusoshin da ke riƙe ta sun yi wa bolan zane. Na biya jan mota, na biya mai tur ya goge bolan, na sake biyan aiki, na kuma sayi saitin da na guje wa tun farko. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Ni ban ji karin maganar da kyau ba sai ranar.

A yi wa yaron nan lissafi iri ɗaya. Hanyar araha, 45,000. In faifan ya mutu, zai sake biyan aiki 30,000, ya sayi saitin 85,000, jimla 160,000, ba a sa kuɗin jan mota da gyaran bolan ba. Hanyar saiti tun farko, 115,000, sau ɗaya. Wani zai ce ai ba dole ne faifan araha ya mutu ba. Gaskiya ne, wani kan yi sa'a. Amma sabon faifai a kan filaton da sifirinsa ya yi laushi zai zame ko da faifan mai kyau ne, kuma tsohon boris da aka mayar yana iya fara kuka bayan wata guda, a sake sauke giya saboda abin da bai kai kuɗin buhun masara ba.

Na gwanjo fa?

Ba ni da faɗa da kayan gwanjo. Rabin motocin ƙasar nan da su suke tafiya, tashar jirgin ruwan Lome kuma ta ciyar da gidaje da yawa da wannan sana'a. Ƙofa, fitila, gilashi, akwatin giya, har inji sukutum, duk ana iya saye na hannu a ji daɗi. Kuloci kuwa abu ne da aka yi shi don ya cinye, kamar takalmi. In ka sayi na gwanjo, sauran rayuwar da wani ya bari ka saya, kuma ba ka san nawa ya rage ba. Kaurin fata ana gani da ido, amma ƙarfin sifirin filato ba a gane shi da kallo.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Tsofaffin fatun kuloci da na birki da asbestos ake yin su, abin da Faransawa ke kira amiyant. Ƙurarsa na lalata huhu, tana kawo ciwon daji bayan shekaru. Faransa ta hana shi tun 1997, Tarayyar Turai gaba ɗaya a 2005. Faifan da aka ciro daga motar 1980, ko wanda ya kwana shekara talatin a kan kanta, yana iya ɗauke da shi. Wa ke shaƙar ƙurar? Yaron gareji ɗan shekara goma sha huɗu da maigidansa ya ce ya hure kwanon da baki ko da iskar famfo. Don Allah masu gareji, a riƙa jiƙa wurin a goge da tsumma, a daina hurawa.

Kulocin tsere: kuɗi a bayan rigima

Wannan shi ya fi ba ni dariya, ya kuma fi ba ni tsoro. Abokansa sun ce motar tsere sai kulocin tsere. To, injin nan ƙarfin doki ɗari da 'yan kai gare shi ranar da ya fito daga kamfani, yau kuma ya haura shekara 40. Kulocin da kamfani ya sa masa ya ishe shi har da saura. Kulocin tsere an yi shi ne don injin da aka ƙara wa ƙarfi. Fatarsa mai tauri ce, sau da yawa babu sifirin ɗin tsakiya masu shanye girgiza, kamawarsa farat ɗaya ce, fedarsa kuma nauyi. Ka kwatanta kanka da shi ranar kasuwa a Sokode, zemijan ta dama, mai kura ta hagu, tudun rage gudu a gaba. Kafin ka kai Didawure ƙafarka ta hagu ta sage.

Ban da wahala, duk bugun da faifan ya ƙi shanyewa giya da aksul ne za su sha. Su kuwa a wannan mota sun fi kuloci tsada, sun fi shi wuyar samu. Motocin da suka ci Safari da Bandama suna da ayarin makanikan kamfani da ke jiransu a kowane zango da sababbin kaya. Ɗan yayana yana da makanike ɗaya, tsoho, mai ciwon baya.

Abin da nake ganin ya dace

A sayi cikakken saiti irin na asali, daga kamfanin da aka san shi da wannan aiki. Valeo na Faransa ne, Sachs da LuK na Jamus, masu motocin Japan kuma sun san Exedy da Aisin. Ba talla nake yi wa kowa ba, kuma sunan da ke kan kwali ba hujja ba ne, don masu jabu sun fi kowa iya buga kwali. A buɗe a duba ƙarfen. Na kirki yana da lamba da tambari a jikin ƙarfen kansa, ƙusoshin fatarsa a jere suke daidai, sifirin ɗin tsakiya ba sa kaɗawa in ka girgiza, gefen ƙarfen kuma ba ya da kaifin yankan gaggawa.

Kada a yi oda da sunan mota kaɗai. Motar da ta yi shekara 40 a ƙasar nan, Allah kaɗai ya san sau nawa aka sauya mata inji ko giya. Abin da ke rubuce a kat giriz daban, abin da ke ƙarƙashin bonet daban. A sauke tsohon faifan tukuna, a auna faɗinsa da milimita, a ƙirga haƙoran ramin tsakiya, a ɗauki hoton filato gaba da baya da ma'auni a kansa, a aika ta WhatsApp. Haƙori ɗaya in ya bambanta, faifan ba zai shiga sandar giya ba, kuma wanda ya aiko daga nesa ba zai karɓa ba.

Mu mutanen Sokode muna da wata dama da ba mu cika amfani da ita ba. Da wuya ka sami gida a garin nan da ba shi da ɗa ko suruki a Jamus ko Faransa. Saitin kuloci kilo kaɗan ne, yana shiga akwatin tafiya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane ɗaya, wato yuro 100 bai kai sefa 66,000 ba, lissafin ba ya ruɗa kowa. Ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihin motocin kamfanin a Sochaux, tana sayar da kayan tsofaffin motocinsu, akwai kuma shagunan da suka ƙware a kan 504. Wanda zai aiko ta jirgi kuma ya sa kuɗin duwan a lissafinsa tun farko. Sai dai a tura wa ɗan'uwa kuɗinsa cif kafin ya saya. Zumunci da yawa ya lalace a kan "ka sayo, in ka zo na biya."

Ranar da aka buɗe, a yi komai a gama. A duba fuskar bolan, in ta yi zane ko tabon zafi a kai wa mai tur ya goge. A duba ko mai na yoyo ta bayan inji ko ta gaban giya, don ɗigon mai kaɗan ya isa ya kashe sabon faifai. A duba ƙaramin boris ko zoben da ke tsakiyar bolan, da cokalin da ke tura bute. A sauya man famfo. Bayan an ɗaura, a bi motar a hankali na 'yan ɗaruruwan kilomita kafin a ce za a gwada ƙarfinta.

In kuwa saitin ya gagara gaba ɗaya, akwai hanya ta tsakiya da na fi yarda da ita a kan faifan da ba a san asalinsa ba. In ƙarfen tsohon faifan na asali ne, haƙoransa ba su cinye ba, sifirinsa ba su saki ba, ana iya kai shi wurin masu sa fata su ɗaura masa sabuwa. Tsofaffin makanikanmu sun yi shekaru suna haka. Sharaɗin shi ne fatar ta zama mai kyau, kaurinta daidai da na asali, filato kuma yana da sauran ƙarfi, sannan boris dole sabo. Wannan dabara ce ta mai yawo cikin gari. Ban ce a hau Alejo da iyali a kanta ba.

Masu cewa na cika tsanani

Na san abin da direban tasha zai ce: "Alhaji, kai kana magana ne da cikakken ciki. Ni in motata ta kwana uku a gareji, gidana ba a ɗora tukunya." Wallahi gaskiyarsa. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 52,500 ne tun Janairun 2023, saitin 85,000 ya fi albashin wata ɗaya da rabi. Direban da ya sa faifan 15,000 don motarsa ta fita gobe, ya san abin da yake yi, yana sayen lokaci ne, kuma motar za ta biya kuɗin gyara na gaba. Ba zan zage shi ba, iyaka in roƙe shi ya rage lodi, ya daina tashi da giya ta biyu, ya sauke ƙafarsa daga kan feda in yana tafiya.

Amma motar ɗan yayana ba ta ciyar da kowa. Yana da babur ɗin zuwa shago. Motar sha'awa ce da tunawa da mahaifi, kuma irin wannan mota tana da abin da taksi ba ta da shi, wato tana iya jira. Babu abin da zai same ta in ta yi wata uku a inuwa, an cire waya daga batir, ana tayar da ita lokaci lokaci ana taka feda don kada faifai ya manne. Abin da ke tura shi ga araha ranar biki ce kawai, da son a gan shi a ciki. Sauri ya haifi nawa.

Sannan a dubi hanyar. Daga Dapaong zuwa Sokode kusan kilomita 300 ne, a bi Mango, a bi Kante, a hau duwatsun Defale, a wuce Kara da Bafilo. Tun watan Yunin 2022 yankin Savanes ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro. Lalacewar mota da magariba tsakanin Mango da Dapaong, da mata da yara a ciki, ba abin da mai hankali zai saya wa kansa ba ne don ya tsira da sefa 70,000.

Wasu kuma suka ce ya sayar da ita ya huta, ai Turawa na neman irinta. Wannan shawara ce da za a iya tattaunawa, kuma in gidansa na cikin matsi ni zan fara ba shi ita, don mota ba ta fi kuɗin makarantar yara ba. Amma ko sayarwar zai yi, motar da ke tafiya lafiya da takardar shaidar kayan da aka sa mata ta fi wadda aka yi wa kwaskwarima daraja. Mai sayen irin wannan mota ya san kuloci fiye da ni.

Kira ga 'yan'uwanmu masu shago da masu gareji

Da yawa cikin masu sayar da kayan mota a garuruwan nan namu ne, muna haɗuwa a sahu ɗaya. Babu laifi a sayar da kaya mai araha, talaka na buƙatarsa. Laifin shi ne a kira shi na asali. Ka ce wa mutum, wannan lamba ɗaya ne, wannan lamba biyu, wannan ban san inda aka yi shi ba, ga farashin kowanne, ya zaɓa da idonsa a buɗe. Ka rubuta masa rasit da sunan abin da ka ba shi. Addininmu ya yi magana a kan ɓoye aibin haja, ba sai na tuna wa kowa ba. A kasuwance ma, wanda ka gaya wa gaskiya yau shi zai aiko maka ƙaninsa gobe. Ni shagon da ya sayar mini da faifan Alejo ban sake taka ƙofarsa ba, kuma duk wanda ya tambaye ni na ba shi labari.

Makanike kuma ya nuna wa mai mota tsohon kayan da ya cire, ya buɗe sabon a gabansa. In mai mota ya kawo faifan banza, ka gaya masa tun kafin ka ɗaura, kada ka yi shiru don kana hangen aikin da zai dawo. Tsofaffin da suka san 504 ciki da waje suna ƙarewa, yaran yanzu sun fi sanin babur da motocin kwamfuta. Duk mai irin wannan mota ya riƙe tsohon makanikensa da kyau, ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, ya kuma roƙe shi ya tsayar da yaro ɗaya a gefensa ranar aikin.

Yadda muka rabu

Yaron ya yi shiru a waya, sannan ya ce, "Baba, to me zan ce wa mutane in sun tambayi motar?" Na ce ka ce tana jiran kaya daga Jamus, ai ba ƙarya ka yi ba, kuma ya fi daɗin faɗa a kan a ce an gan ka a bakin gadar Mango kana neman mai ja.

Shekaranjiya ya aiko mini hoton tsohon faifan a kan tabarma, da ma'aunin tela a kansa, ya ƙirga haƙoran sau biyu. Ya ba makanike rabin kuɗin aikinsa na saukewa, ya shiga adashin 'yan layinsu don cike sauran. Ɗan ƙanwata da ke Hambug ya ce zai taho da saitin in zai zo Babbar Sallah. Bikin kuwa a motar haya zai zo, na ce ni zan tarbe shi a tasha. In Allah ya kai mu bayan salla, ya yi mini alkawarin zai kawo motar Sokode in ja ta da hannuna zuwa Bafilo. Ta tsohuwar hanya za mu bi, ta cikin dutsen.